Akushin Kifi

Kowane yaro da ya taɓa zuwa fatsa ya san kifi ba ya taruwa sai inda ya ga abinci. Saboda haka mai fatsa ya kan watsa dusa ko tsaki a ruwa kafin ya jefa ƙugiyarsa. A tafki wannan dabara tana ci, gama ruwan tafki a tsaye ya ke. Amma a kogi fa? Da ka watsa dusa sai ruwa ya kwashe ta, kafin ta kai ƙasa ta yi nisa. Ka ga ke nan ka ciyar da kifin wani, kai kuwa ka koma gida hannu wofi.

A Ingila akwai masu fatsa da yawa a bakin manyan kogunansu, kamar Temis da Tirenti. Suna neman wani kifi mai gashin baki wanda ke kiwo can ƙasan ruwa, kamar yadda tarwaɗa ke yi a wurinmu. Don su kai masa abinci har inda ya ke, suna aiki da wani ɗan gwangwani mai ƙofa, wanda ba ya buɗewa sai ya taɓa ƙasa. Mu kira shi akushin kifi. Kai ma kana iya yin naka.

Ga abin da za ka nema: tsohon gwangwanin man takalmi da murfinsa, da wayar ƙafar keke guda, da 'yar siririyar waya, da ƙusa, da guduma, da noti mai nauyi.

Da fari wanke gwangwanin sarai, don kifi ba ya son warin mai. Huda gindinsa da murfinsa da ƙusa, kamar wuri 15 kowanne, don ruwa ya shiga ya nutse. Buɗa bakin murfin kaɗan, har ya zama ba ya kama gwangwanin. Sa'an nan tsai da gwangwanin a kan gefensa kamar ƙafar keke, ka ɗaure murfin daga ƙasa da siririyar waya, sako-sako, yadda zai riƙa faɗowa gaba kamar ƙofa.

Yanzu sai sakata. Yi huda biyu a gefen gwangwanin, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, daidai da juna. Zura wayar keken ta ciki, ka tabbata tana hawa da sauka ba wuya. Lanƙwasa kanta na sama ya leƙo gaba ya sauko kan murfin kamar rabin inci. Bar inci 4 ya fito ta ƙasa, ka sa noti a ƙarshensa, ka lanƙwasa don kada ya zame. Daga nan yi ɗan zobe na waya a sama, bayan sakatar, inda za ka ɗaura igiya.

To, yaya ya ke aiki? Muddin akushin na rataye, nauyin noti yana jan sakata ƙasa, ƙofa tana rufe. Da noti ya bugi ƙasan kogi sai ya tura sakata sama, ƙofa ta faɗi, ruwa ya wanke abincin ya baje shi nan take. Zaɓi wuri mai yashi ko tsakuwa, gama a taɓo noti nutsewa ya ke yi, ƙofa kuwa ta ƙi buɗewa.

Cika shi da dafaffiyar dawa, ko masara, ko gutsattsarin tana. Ɗaura shi a igiyar sandar fatsarka, ka saukar a hankali, kada ka jefa kamar dutse kifi su watse. Yi haka sau 4 ko 5 a wuri ɗaya. Sa'an nan kwance shi, ka sa ƙugiya, ka jefa ta ƙasa kaɗan da wurin, wajen da ruwa ke gangarawa. Sai haƙuri.

Kada ka sa dalma a madadin noti, ko da ka ga manya suna yi. Dalma guba ce, ta fi kuwa cutar yara. A shekarar 2010 ƙurar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara da yawa a Jihar Zamfara. A Ingila ma tun 1987 aka hana sayar da ƙananan dalmar fatsa, don tsuntsayen ruwa suna haɗiye ta suna mutuwa. Kada kuma ka tafi kogi kai kaɗai, balle da damina. Ƙaramin kifi in ya kama ƙugiyarka, mai da shi ruwa ya girma, baɗi ka same shi babba.

Tambayoyi

1. Me ya sa watsa dusa ba ya amfani a kogi?
2. Me ke buɗe ƙofar akushin kifi?
3. Don me ba a so a saukar da shi a taɓo?
4. Faɗi dalilin da ya sa noti ya fi dalma.