Ɗinkin da ido ba ya gani

Bara wani dattijo ya shigo asibitinmu a nan Dakoro, ya ɗaga riga ya ce: "Ɗana, duba min wannan." An cire masa ƙari a hanta wata takwas da suka wuce, can a babban birni. Tabon ya bi ƙarƙashin haƙarƙarin dama, fata ta warke sumul. Amma da na ce, "Baba, yi tari," sai wani kumburi kamar ƙoƙo ya turo daga bakin tabon. Ƙaba ce ta fito a wurin yanka. Ya ce tun sati na uku ya koma jan guga, kuma kowa ya san zurfin rijiyoyinmu.

Ɗinkin fata shi mutane ke kallo, alhali ciki yana riƙe ne da wani farin tantani mai ƙarfi da ke ƙarƙashin kitse. Shi ne ke daɗewa bai kama ba. Mai ciwon daji na hanta kuwa wahalarsa biyu ce: jiki ya rame, ga ruwa na iya taruwa a ciki yana tura ɗinkin.

Abokan aikina na ɗakin tiyata, a nan hannunmu yake da tasiri. Binciken STITCH da aka yi a ƙasar Holan, aka buga a 2015, ya gwada ɗinki ƙanana, milimita 5 daga baki, milimita 5 tsakani, da ɗinki manya. Bayan shekara guda ƙaba ta fito wa kashi 13 cikin ɗari na masu ƙananan, kashi 21 na masu manyan. A kan yankan tsakiyar ciki aka yi shi, amma ni ina ganin darasin ya shafi kowane yanka. Tsawon zare ya ninka na rauni sau 4 aƙalla, zaren ya zama mai narkewa a hankali, kuma kada a ɗaure tamau har nama ya shaƙe. 'Yan mintoci kawai yake ƙarawa, kuma gajiyar ƙarshen aiki ba hujja ba ce.

Ku kuma 'yan uwan mara lafiya, ku ɗauke masa guga da buhun hatsi har sai likita ya yarda. Tari, taurin bayan gida, ko ruwa daga rauni, a kawo shi a duba. In kumburi ya yi tauri, ya ƙi komawa, ga amai, kada a tsaya shafa magani ko jiran ranar kasuwa. A kawo shi asibiti a daren nan.