Abin da Malamin Hakimi Zai Yi Idan Waya Ta Katse

Tun 2001 da wayar salula ta bazu a Nijeriya, saƙon da a dā ɗan aike yake kaiwa Daura ya koma maganar minti guda. Amma malaman da ke aiki nesa da fada, kamar a Babban Mutum ta ƙasar Baure, sukan yi kukan magana tana katsewa.

Sau da yawa ba laifin wayar ba ne. Garin yana bakin iyaka, kan hanyar Magarya, ita kuwa waya da zarar sabis na gida ya raunana sai ta kama na Nijar. Lalle malam ya dubi sunan kamfanin da ke saman wayarsa. In baƙo ne, sai ya shiga saiti, ya hana ta zaɓe da kanta, ya zaɓi kamfanin gida da hannunsa.

In sunan daidai ne, ya fita daga ƙarƙashin rufin kwano, ya kashe ta ya kunna. In wayoyin maƙwabta ma sun yi shiru, to, ƙarfen sabis ne ya tsaya. Kada a zauna jiransa da rahoton annoba ko satar shanu. A rubuta takarda, hakimi ya sa hannu, a ba mai babur.