Ruwan Shayi da Murar Tsuntsaye: Me Bincike Ya Gano?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata gardama da na tarar a teburin mai shayi a unguwarmu ta Tudun Ƙofa, cikin garin Keffi. Wani dattijo mai kiwon kaji ya dage cewa Turawa sun gano shayi na maganin murar tsuntsaye, don haka shi ba ruwansa da likitan dabbobi. Maganar tasa tana da tushe, sai dai an yanke mata wutsiya.

Mai karatu zai iya tuna cewa a watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ɓullar nau'in H5N1 na wannan cuta a wata gonar kaji da ke Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. A farkon 2007 ta kashe wata mata a Legas, ta kuma sake ɓulla a Kano a 2015.

To ina shayi ya shigo? Ƙwayar bairos ta mura tana da wasu ƙayoyi a bayanta, da su take maƙalewa a jikin ƙwayar halittar tsuntsu kafin ta kutsa ciki ta hayayyafa. Koren shayi kuwa yana ɗauke da sinadarai da ake kira katekin, wanda ya fi ƙarfi a cikinsu shi ne EGCG. Baƙin shayi, irin wanda ake nomawa a Mambila, nasa sinadarin shi ne tiyafilabin. Masana a Japan a 1993, da wasu a Koriya ta Kudu a 2005, sun nuna cewa irin waɗannan sinadarai kan liƙe wa ƙwayar bairos, su hana ta maƙalewa, kamar a cusa ƙaro a bakin makulli.

Amma fa a ɗakin gwaje-gwaje aka yi wannan, cikin ƴan faranta, da tataccen sinadari a ma'auni sananne, kuma da nau'o'in murar ɗan'adam. Kofin shayinmu ba haka yake ba. Kaɗan daga sinadarin ne ke isa jini bayan an sha, madarar da muke zubawa kuma tana kama wani kaso nasa. Ita kuwa H5N1 takan hallaka kaza cikin kwana ɗaya ko biyu, ta bi hanji da huhu da ƙwaƙwalwa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jinkiri. Duk kwanan da mai kiwo ya ɓata yana ɗura wa kajinsa shayi, cutar tana bin takalmi da kwandon ƙwai da kejin ƴan kasuwa zuwa gidan maƙwabci. Na ce wa dattijon, Baba, in ka ga kaji suna mutuwa farat ɗaya, tukkunsu ya yi shuɗi, kansu ya kumbura, kada ka yanka, kada ka sayar. A sanar da ofishin likitan dabbobi, su kai samfuri cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom. Ya yi shiru, sannan ya ce a ƙaro masa shayi.