Batir da Ruwa: Darasi Domin Gida da Makaranta

Da wuya a sami gida yau wanda ba a amfani da batir a cikinsa. Akwai shi a tocilan da rediyo da agogon bango, akwai shi a mota da babur da wayar hannu, ga kuma manyan baturan sola da ke ba mu haske in an ɗauke wuta. Cikin abubuwan da suka fi kashe batir kuwa akwai ruwa, ko dai rashinsa a inda ake bukatarsa, ko shigarsa inda bai kamata ba.

Batirin da ke shan ruwa

Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro batirin dalma a shekarar 1859, irinsa ne kuma muke sa wa motoci har yanzu. Batir mai ƙarfin bolt 12 yana da ɗakuna shida. A kowane ɗaki akwai farantan dalma nutse cikin ruwan batir, wanda kusan kashi ɗaya cikin uku nasa asid ne, sauran kuwa ruwa ne zalla.

Sa'ad da ake caji, lantarki yakan raba wani ɓangare na ruwan zuwa iska iri biyu, haidurojin da oksijin, su fice ta ƙofofin murfi. Zafin bazara kuma yana ƙara ƙone shi. Ku lura, ruwa ne ke tafiya, asid yana nan. Saboda haka wanda ya ga ruwan batir ya yi ƙasa ya ƙara asid, ya cuci batirinsa. Tataccen ruwa kaɗai ake ƙarawa, wato wanda aka dafa aka tara tururinsa. Ruwan rijiya da na famfo da na leda suna ɗauke da gishiri da ƙarfe waɗanda ido ba ya gani, sannu a hankali sai su ɓata farantan.

A riƙa dubawa sau ɗaya a wata. Ruwan ya rufe farantan da kamar santimita ɗaya, kada a cika shi fal. An fi son a ƙara bayan an gama caji, domin ruwan yakan tashi lokacin caji, in ya yi yawa sai ya zubo. Amma in farantan sun fito fili, a rufe su da ruwa tukuna kafin a jona. Batirin da aka liƙe tun daga masana'anta kuwa ba a buɗe shi.

Ruwa a bayan batir

Laima da ƙura in sun taru a saman batir sukan zama hanyar da wuta ke zurarewa tsakanin kawunansa biyu, caji ya riƙa tsiyayewa ba a sani ba. Farin gari ko shuɗi da ke taruwa a kan kawunan alama ce ta cewa asid yana cin ƙarfe. Ana wanke shi da ruwan kanwa kaɗan, a goge ya bushe, a shafa giris. Kada ko ɗigo na ruwan kanwar ya shiga cikin ɗakunan, gama zai kashe ƙarfin asid ɗin. Da damina a ɗora batir bisa benci, nesa da taga da wurin yoyo.

Batirin waya

Batirin litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, ba ya shiri da ruwa sam. In ruwa ya shige shi, yakan haɗa wuta ta ciki, ya yi zafi, ya kumbura, wani lokaci har ya kama wuta bayan kwanaki. Ruwan gishiri ya fi muni. A 2022, bayan ambaliyar teku da guguwar Ian ta kawo a jihar Fulorida ta Amurka, motocin lantarki da dama sun kama wuta ta wannan hanya. In waya ta faɗa ruwa, a kashe ta nan take, a goge, a ajiye ta inda iska ke kaɗawa. Kada a sa ta caji, kada a gasa ta kusa da murhu. Binne ta cikin shinkafa ba magani ba ne. Batirin da ya kumbura kuma ya gama aiki.

Kiyaye rai

Iskar haidurojin takan fashe in ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki. Don haka ba a caji a ɗakin kwana a rufe, ba a kuma leƙa cikin batir da ashana ko kyandir. In za a cire batir, a fara kwance wayar da ke da alamar ɗebewa, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa. In asid ya fantsama a ido ko fata, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, sa'an nan a garzaya asibiti. Ƙananan batura masu kama da maɓalli a ɓoye su daga ƙannenmu, domin in yaro ya haɗiye ɗaya, yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin awa biyu.

Mataccen batir ma yana da haɗari. Tsakanin 2007 da 2008, yara 18 sun mutu a unguwar Thiaroye kusa da Dakar, ƙasar Senigal, saboda gubar dalma daga tsofaffin baturan da ake fasawa a unguwar. Kada a jefa batir a wuta, ko kwata, ko kusa da rijiya. A mayar da shi wurin masu sayarwa.

Ɗalibai, in kun koma gida hutu, ku dubi baturan gidanku, ku nuna wa iyaye da ƙanne abin da kuka koya. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.