Amsoshin Tambayoyinku: Wankin Ciki, Wankin Jini da Shayin Rage Tumbi

 Yau a filin amsa tambayoyinku tebur cike yake, ga wasiƙu ga saƙonnin waya. Da na zauna warewa jiya da daddare, sai na tarar fiye da rabi maganarsu ɗaya ce: wankin ciki, wankin jini, shayin rage tumbi. Kusan kowa kuma ya roƙi a sakaya sunansa. To, mun sakaya, gari kawai za mu faɗa.

Ta farko daga wata uwargida ce a Funtuwa. Ta ce ranar kasuwa ta sayi jarka guda ta wani jiƙo a wurin masu mota da lasifika, aka ce mata yana wanke dattin ciki, yana maganin basir, taifod, sanyi da ciwon baya. Ta sha kofi ɗaya, ta kwana tana zaryar banɗaki har sau bakwai, gari ya waye ko tsayuwa ba ta iya yi sosai. Ta koma wurin mai maganin, ya ce ai dattin ne ke fita, ta ƙara kofi biyu. Tana tambaya, ta ci gaba?

Hajiya, kada ki ƙara ko cokali ɗaya. Ki haɗa ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yara masu gudawa, ki riƙa kurɓa. Abin da ya fita daga jikinki ruwa ne da gishirin jiki, tare da bayan gidan da dama zai fita da kansa. Sau da yawa irin waɗannan jiƙe-jiƙen akwai filasko a ciki ko danginsa. Filasko kuwa sananne ne, har a asibiti ana ba da ƙwayar da aka yi da shi ga wanda cikinsa ya ɗaure, amma da awo, kuma na 'yan kwanaki. Aikinsa ya tsikari hanji ya tura abin da ke ciki waje. Mai lafiya garau ma in ya sha sai ya yi zawo, to ta yaya zawon zai zama shaidar akwai datti?

Bari in ɗan tsaya a nan, don tambayar ta mutane da yawa ce. Na sa likitan da muke tuntuɓa a wannan fili ya warware mini, ga kuma yadda na fahimta. Allah Ya riga Ya sa mana ma'aikatan shara a jiki. Hanta tana karɓar duk abin da muka ci ko muka sha, ta sarrafa mai cutarwa ta mai da shi abin da jiki zai iya zubarwa. Ƙoda biyu suna tace ruwan jini kimanin lita 180 a kowace rana, su mayar da kusan duka cikin jiki, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari. Dare da rana suke yi, ba hutun Juma'a, ba na Sallah. Su kuma ƙodar nan ba abin da suka ƙi jini kamar ƙarancin ruwa. Mutum ya kwana yana zawo a zafin watan Afrilu, jini ya ragu da isa gare su, sai su tsaya. Daga wankin ciki sai a wayi gari ana maganar wankin ƙoda, kuma duk wanda ya taɓa jinyar mai wankin ƙoda ya san yadda take cinye gida da gona. Idan kin ga fitsarinki ya ragu sosai, ko jiri ya ƙi sakinki, Hajiya ki tafi asibiti yau, kada ki bari sai gobe.

Sannan duk mai sayar muku da maganin fitar da guba, ku tambaye shi sunan gubar. Ku tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake daka dutsen zinare a cikin gidaje, ƙurar dalma ta hallaka yara fiye da 400. Wannan guba ce mai suna. Likitocin agaji na MSF sun auna ta a jinin yaran, aka ba su maganin da ke kama dalma ya fitar da ita ta fitsari, aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, aka sake auna jini a ga ko ta sauka. Haka ake fitar da guba in da gaske akwai ta. Mai lasifika me ya auna a jikinki kafin ya miƙo jarka?

Sai wata 'yar'uwa daga Kaduna. Ta ce tun haihuwarta ta uku tumbi ya ƙi komawa, ta sayi shayin rage ƙiba a WhatsApp, an rubuta ganye ne zalla. Cikin mako guda ta rage kilo 3, amma gabanta yana faɗuwa, bakinta yana bushewa, barci ya ƙaurace mata.

'Yar'uwa, kilo ukun nan yawancinsa ruwa ne, kina daina sha zai dawo. Abin da ya fi damuna shi ne faɗuwar gaban nan. Akwai wani magani mai suna sibutramine da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Har yau hukumomi a ƙasashe da dama suna kama shi a ɓoye cikin shayi da kofi na rage ƙiba da aka rubuta wa ganye zalla. Ban ga naki ba, amma alamun da kika lissafa sun isa ki ajiye shi, ki je a auna miki hawan jini, ki tafi da kwalin a hannu.

Ko da ganyen ne tsagwaronsa, kada ki saki jiki. A farkon shekarun 1990, a babban birnin Beljiyam, wani asibitin rage ƙiba ya riƙa ba mata ƙwayoyi masu haɗe da saiwar wani tsiro daga Sin. Ashe an yi musayar saiwar da wata mai kama da ita a suna. Mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa sai da aka koma yi musu wankin ƙoda ko dashe, wasu daga baya aka same su da kansar mafitsara. A Turai ke nan, inda ake da ɗakunan gwaji. Ina ga ƙullin da aka haɗa a ɗaki aka manna masa takarda mai sheƙi? Ku kuma 'yan matan da ke can ɗaya ɓangaren, masu shan "sha ka fashe" don a yi ɓulɓul kafin biki, ban manta da ku ba, ranarku tana zuwa a wannan fili.

Wani malamin makaranta daga Bauchi ya ce kwalbar maganinsa tana da lambar hukumar NAFDAC, ashe ba shi ke nan ba? Malam, duba ƙarshen lambar. In ka ga harafin L, ma'anarsa hukumar ta duba ta ga ba a sami abin cutarwa a samfurin da aka kai mata ba, ta ba shi izini na wucin gadi. Ba ta ce yana warkar da cututtukan da aka jera ba. Shi ya sa ake tilasta musu rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba, sai dai da ƙananan baƙaƙe suke rubutawa, sai ka sa tabarau. Lambar ma akwai masu ƙirƙirar ta bogi.

Yauwa, ga wasiƙar da na fi jin daɗinta, duk da faɗa aka yi mini a ciki. Wani dattijo ne daga Damagaram. Ya ce ku 'yan boko kun raina maganin gargajiya, alhali da saɓara da marke da tazargade aka raini iyayenku, kuma sun fi ku ƙarfi da tsawon rai.

Baba, Allah Ya ƙara girma, Ya ja da rai. Wallahi ban raina ba, kuma ba ni da bakin rainawa. Kwinin da aka daɗe ana maganin zazzaɓin cizon sauro da shi daga ɓawon itace aka samo shi a Kudancin Amurka. Maganin zazzaɓin da ake ba mu yanzu a asibiti, asalinsa wani ganye ne ɗan'uwan tazargade da Sinawa suka daɗe suna jiƙawa, kuma matar da ta ciro sinadarinsa, Tu Youyou, ta sami kyautar Nobel a 2015. Nan gida ma, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta karɓi haɗin wani mai maganin gargajiya na amosanin jini, wanda a cikinsa akwai masoro da kanumfari da karan dafi, ta gwada shi a kan masu sikila, aka fitar da shi da sunan Niprisan. Ka ga kuwa itace yana magani, Baba. Amma duk waɗannan sai da aka san wane tsiro ne, nawa za a sha, kwana nawa, wa zai sha, wa ba zai sha ba.

Kuma ka tuna yadda iyayenmu mata suke yi. Tsohuwa da kanta za ta je bayan gari ta tsinko saɓarar, ta san ganyen, ta san ciwon da take nufi, ta dafa ɗan kaɗan, in an sami sauƙi a daina. Ba ta taɓa haɗa itace ashirin a jarka ta ce a sha kullum safe da yamma har wata uku ba, ba ta kuma daka ƙwayar kemis ta zuba a ciki don a ji aiki nan take. Abin da nake faɗa da shi ke nan. Zoɓonka, Baba, ka sha, an ma gwada an ga yana ɗan sauke hawan jini, sai dai a rage sukari, kuma mai shan maganin hawan jini kada ya ajiye ƙwayarsa ya ce zoɓo ya wadatar. Citta, tafarnuwa, kwaɗon zogale, kunun tsamiya, duk abinci ne mai albarka. Matsala tana farawa ne in an tattara ƙarfin ganye an cusa a ƙwanso. Dubi koren shayin da ake dafawa a majalisa a Damagaram ɗin nan, ba wanda ya ce a daina. Amma a 2018 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗi cewa ƙwayoyin da ake yi da tataccen sinadarinsa, in ya kai miligiram 800 a rana, yana iya taɓa hanta. Ganye ɗaya ne, yawan ne ya bambanta. 

Wani bawan Allah daga Sakkwato yana tambaya kan jiƙon da ake cewa yana wanke mara ya ƙara wa maigida kuzari. Malam, yara suna kusa da rediyo. A taƙaice, sau da yawa ƙwayar bature ce ake dakawa a ciki ba awo, kuma tana iya kayar da mai ciwon zuciya. Ka ga likita, ba abin kunya ba ne.

Sai kuma... kai jama'a. Na'urar tsoma ƙafa a ruwa, wadda ake cewa guba ce take fitarwa in ruwan ya koma ja. Wannan tambaya mun amsa ta, mun sake amsawa, yau ga ta har wasiƙa huɗu, daga Kano biyu, Gusau, da Kumasi. To, a karo na nawa ban sani ba: ruwan yana komawa ja ne saboda ƙarfen da ke cikin robar yana tsatsa idan lantarki ya ratsa ruwan gishiri. Ku ce wa mai na'urar ya kunna ta ba tare da kowa ya sa ƙafa ba, ku zauna ku ga launin da ruwan zai koma. Don Allah wanda ya ji ya faɗa wa maƙwabcinsa, mu huta.

Mai tambaya kan ruwan ɗumi da lemun tsami da sassafe, daga Zariya: ki sha in kina so, ruwa ne da lemo. Ba ya narkar da kitse. In kina da gyambon ciki kuma kika ji yana tayar miki, ki bari.

Ana yi mini nuni da agogo, amma wannan ta ƙarshe ba zan tsallake ta ba. Wani matashi ne daga Gwambe. Ya je ba da jini aka ce yana da ciwon hanta nau'in B. Tsoro ya kama shi, ya sayi maganin wankin hanta na wata uku, mai maganin ya yi masa alkawarin in ya gama za a gwada a ga babu.

Ɗana, ka kwantar da hankalinka, mutane da yawa suna rayuwa da wannan cuta har tsufa. Ƙwayar cuta ce ke zaune a cikin hanta, ba datti ba ne da za a ɗauraye. Duk abin da ka haɗiya kuma hantar nan ce za ta yi dakon sarrafa shi, ga ta dama tana fama, sai ka ƙara mata kayan da ba a san ko mene ne ba. Ka je babban asibiti a auna yawan ƙwayar cutar da lafiyar hantar. Wasu ba sa ma bukatar magani sai bibiya lokaci zuwa lokaci, wasu kuma a ɗora su a kan ƙwaya irin tenofovir mai danne cutar. In kana da iyali a gwada su, wanda bai kamu ba a yi masa rigakafi, jariri kuma a yi masa allurar cikin awa 24 da haihuwa. Kada ka yi tarayyar reza ko askar wanzami da kowa. Ranar da za ka je, ka ɗauki kwalbar nan ka nuna wa likita, kada ka ɓoye masa.

Wannan roƙon na kowa ne. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon suga, mai hawan jini, mai ciwon ƙoda, da jarirai, kada a ba su irin waɗannan jiƙe-jiƙen. Wanda kuma ya riga ya sha, ya ga idonsa ya yi rawaya, ko fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi, ko ƙafafunsa sun kumbura, ya nufi asibiti da kwalbar a hannunsa. Sauran wasiƙun suna nan a ajiye, da su za mu fara mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.