Darasin Kiwon Lafiya: Bambancin Kyasbi Da Tabon Kuturta

A ƙauyukan ƙasar Daura, daga Sandamu zuwa Baure, Zango da Mai'adua, cututtukan fata da aka fi kai wa ɗakin shan magani su ne ƙazuwa, makero da kyasbi. Duk suna da magani. Amma akwai wani tabo mai kama da kyasbi wanda ba kyasbi ba ne, kuma shi ne dalilin wannan darasi.

Ƙazuwa wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke kawo ta. Yana haƙa rami a cikin fata ya yi ƙwai. Alamarta ƙaiƙayi mai tsanani da dare, da ƙananan ƙuraje a tsakanin yatsu, wuyan hannu da ƙugu. Tana yaɗuwa inda ake kwana a cunkushe, shi ya sa ta fi damun yara a makarantun allo da na kwana. Dole a shafa wa duk mutanen gida magani rana ɗaya, a kuma wanke tufafi da mayafai da ruwan zafi.

Makero kuwa wani irin naman gwari ne da ido ba ya gani. Yana cinye gashin kan yaro ya bar da'ira mai fari-fari. Aska da matajin da ake karɓa-karɓa suna yaɗa shi. Man shafawa kaɗai ba ya kashe na kai, sai an sha ƙwayoyi na makonni da dama.

Kyasbi yana fitowa a ƙirji, baya da wuya, musamman da bazara lokacin gumi. Tabbansa ƙanana ne masu yawa, idan an kankare da farce sai a ga ɗan gari kamar dusa. Ba ya da haɗari.

Tabon kuturta na farko shi ma yakan fi sauran jiki haske, ko ya yi ja-ja. Ba ya ƙaiƙayi, ba ya ciwo, saboda haka mutum yakan yi shekaru yana shafa maganin kyasbi a banza. Bambancin shi ne wurin ya mutu, ba ya jin taɓi. Malamin asibiti yakan sa mutum ya rufe ido, ya taɓa lafiyayyar fata da 'yar auduga, sannan ya taɓa tsakiyar tabon. Idan bai ji na biyun ba, to akwai abin dubawa. Wani lokaci gashi da gumi ma ba sa fita a wurin.

Kuturta ba gado ba ce, ba kuma sammu ba ce. Ƙwayar cuta ce wadda wani likita ɗan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano a 1873. Ana ɗaukarta ta numfashi bayan doguwar zama da wanda bai fara shan magani ba, kuma takan yi kamar shekara 5 kafin ta bayyana. Jijiyoyi take ci. Idan hannu ya daina jin zafi, mace za ta ƙone a murhu, manomi ya ji rauni da fartanya ba su sani ba, daga nan yatsu suke lalacewa.

Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da maganin kyauta. Mai tabo 1 zuwa 5 yana sha wata 6, wanda ya fi haka wata 12. Da zarar an fara sha, ba a ƙara sa wa kowa cutar. Sai dai maganin ba ya mayar da yatsan da ya riga ya guntule. A da, sai an kai mutum Babbar Ruga a Katsina a kwantar da shi. Yanzu yana zaune a gidansa yana karɓar ƙwayoyinsa wata-wata. Wanda ya ga tabon da ba ya jin taɓi, a jikinsa ko na ɗansa, sai ya je Babban Asibitin Daura ko asibitin da ya fi kusa, ya nemi jami'in tarin fuka da kuturta na ƙaramar hukuma.