Ambaliya da Hukuncin Zakka: Darasi ga Kwamitocin Masallatai

  

Mafi yawan ruwan da yake cinye gonakin fadama a ƙasar Gwaram daga nesa yake zuwa. Kogin Bunga, wanda a gaba ake kira kogin Jama'are, ya taso ne daga tsaunukan Jos, kuma babu babbar madatsa a kansa irin Tiga ko Challawa da suke ɓangaren kogin Haɗeja. Idan aka kwana biyu ana tafka ruwa a tudu, sai manomi ya wayi gari ya tarar da shinkafarsa a ƙarƙashin ruwa. Mu ma a Sundimina da sauran garuruwan Birnin Kudu mun san yadda rafi yake tumbatsa cikin dare, da yadda ginin ƙasa yake jiƙewa har ya zauna. A watan Agusta na 2021 ruwa ya karya gada a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, mota ta afka ciki, mutum 21 suka rasu. Allah ya jiƙansu. A 2022 kuwa ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a Nijeriya, Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Abin lura shi ne lokacin da take zuwa: Agusta da Satumba, sa'ad da hatsin bara ya ƙare a rumbu, na bana bai nuna ba. A daidai lokacin ma'ajin zakka shi ma wayam yake, domin zakkar noma da kaka ake fitar da ita, kuma malamanmu na Malikiyya sun wajabta a raba ta nan take. Ba ya halatta kwamiti ya riƙe haƙƙin talaka wata tara yana jiran masifar da ba ta auku ba.

Shi manomin da ruwa ya ci gonarsa, mene ne hukuncinsa? Zakkar hatsi tana wajaba ne idan ƙwaya ta ƙosa ta wadatu daga ruwa. Abin da ambaliya ta tafi da shi kafin nan babu komai a kansa. Abin da ya tsira sai a auna: in ya kai nisabi, wato wusuƙi 5, sa'i 300, a fitar da ɗaya bisa goma. A nan masu karɓa suke yawan kuskure. Geron gonar tudu ana haɗa shi da geron wata gonar, amma ba a haɗa gero da dawa ko da shinkafa don a cika nisabi, kowanne jinsi ne mai zaman kansa, kamar yadda Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana. Wanda kuma nisabinsa ya cika, bashin taki ba ya sauke masa zakkar noma, ko da ya yi nauyi.

Mas'alar da ta fi ta da muhawara a zaman tantancewa ita ce ta cancanta. Sai ka ji an ce, wane ai yana da gona eka kaza da gida, yaya za a ba shi zakka? Fakiri a mazhabarmu shi ne wanda abin hannunsa ba zai ishe shi abincin shekara ba. Gonar da ruwa ya kwanta a kanta ba tuwo ba ce, kuma tilasta masa ya sayar da ita mayar da shi mabuƙaci ne na dindindin. A hadisin Ƙabisa ɗan Mukhariƙ, wanda Muslim ya ruwaito, an lissafa wanda annoba ta shafe dukiyarsa cikin mutum uku da roƙo ya halatta a gare su har ya samu abin da zai tsayu da shi. Sai dai irin wannan magidanci ba zai zo layi ba. Jiya shi ne mai bayarwa. Aikin liman da mai unguwa ne su bi shi gida, bayan isha'i in ya yiwu. Idan bashin noma ya kai masa wuya, ya shiga ajin masu bashi da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata.

Akwai sauƙi biyu ga masu bayarwa. Mai zakkar kuɗi yana iya gaggauta ta da kamar wata ɗaya kafin cikar shekara, ban da zakkar hatsi. Ana kuma iya ɗauke zakka daga garin da ta wajaba zuwa inda buƙata ta fi tsanani.

Kwalbati da magudanar ruwa da jingar bakin rafi kuwa ba sa cikin hanyoyi takwas na zakka, komai amfaninsu. Wannan fagen wakafi ne da sadaka, kuma a ganina nan muka fi rauni: mun saba wakafin masallaci da rijiya, har unguwa ɗaya ta tara masallatai uku alhali hanyar ruwanta a toshe take. Malikiyya sun halatta wakafin kuɗi da na hatsi domin rance, a karɓa a mayar da kwatankwacinsa ba ƙari. Shi wannan ana iya ajiye shi, saɓanin zakka. Buhunan da aka tsayar wakafi da kaka, lokacin da hatsi yake da araha, su ne za a buɗe a Agusta, su ne kuma za su zama irin shuka ga wanda zai koma fadama noman rani idan ruwa ya janye.

Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara. Muna roƙon kowane kwamiti ya zauna kafin ruwan shuka, ya rubuta gidajen da suke kwari da gonakin bakin rafi, ya ware littafin wakafi daban da na zakka, ya kuma ajiye buhunan a kan tudu, a ɗakin da ba na ƙasa ba. Allah ne mafi sani.